Yadda Ake Gano Sinadarin da ke Ɓoye Cikin Man Bilicin

Mayukan shafawa da ke cika shagunan kasuwar Kilomita Biyar a Bangui, waɗanda akasari ke shigowa ta hanyar Duwala, ba duka ne kwalinsu ke faɗin gaskiya ba. Wasu na ɗauke da haidurokinon mai ƙona fata idan ya yi yawa, wanda ƙasar Kwaddibuwa ta haramta ya wuce kashi 2 cikin ɗari a 2015. Ana gano shi da kuromatogirafi, dabarar rarrabe sinadarai da Mikhail Tsvet ɗan Rasha ya soma da launukan ganye a farkon ƙarni na 20.

Ana auna man cikin kwalba, a zuba masa barasar gwaji irin su metanol. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo, domin man shafawa haɗin maiƙo ne da ruwa, kuma ba ya sakin abin da ya riƙe da daɗin rai. Sai a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kimanin digiri 60, ana girgizawa har maiƙon ya narke sarai. Daga nan a sa ta cikin ƙanƙara maiƙon ya daskare, sannan a tace. Wanda ya yi gaggawa ya tace da ɗuminsa, maiƙo zai bi ruwan ya dame sakamakon. Wanda kuma ya yi nawa, iska da haske za su mai da haidurokinon ruwan ƙasa, ya rage yawa. Ƙwararren ma'aikaci da ido yake sanin tacewa ta yi: ruwan ya fito garau kamar hawaye.

Sauran aikin sananne ne. A ja layi da fensir a ƙasan farantin silika, ban da biro domin tawada na tafiya. A ɗiga ɗigon ruwan da aka tace, a ɗiga na haidurokinon tsantsa a gefensa, a jingina farantin cikin rufaffen gilashi mai ruwan narkarwa. Ruwan zai hau, kowane sinadari ya tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare. Ƙarƙashin fitilar UV mai nanomita 254, ɗigo biyu da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa alama ce ta sinadari ɗaya.

Farantin nuni kawai yake yi. Ainihin adadin sai na'urar HPLC, aikin manyan ɗakunan gwaji irin na hukumar NAFDAC ta Najeriya. Makuri kuwa, da shi ma ake samu a wasu mayukan, ƙarfe ne, hanyar gano shi daban: ana narkar da man cikin asid tukuna.