Yadda Ake Gano Matsalar Wuta a Famfon Birkin ABS Kafin a Kashe Kuɗi

Idan fitilar ABS ta kunna a dashbod, sau da yawa abin da mai mota ke fara ji a gareji shi ne "famfo ya mutu". Amma famfon na da tsada, kuma a lokuta da dama lafiyarsa ƙalau. Wutar da ke zuwa masa ce ta samu matsala.

ABS tsari ne da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. Yana da na'urorin da ke auna gudun tayoyi, da ƙaramar kwamfuta, da famfo mai aiki da lantarki wanda ke jan wuta mai yawa. Ga matakan bincike, daga mafi sauƙi.

1. Batir. A auna shi da multimita. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Raunin batir kaɗai kan sa fitilar ta kunna.

2. Fis. Galibi ABS na da babban fis na famfo da ƙarami na kwamfutar. Murfin akwatin fis yana nuna wurin kowanne. Idan sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai inda wuta ke haɗuwa, ko famfon na jan fiye da ƙima. Kada a sa fis mafi girma ko a ɗaura waya a madadinsa, domin hakan na iya jawo gobara.

3. Rile. Shi ne makunnin da ke tura wa famfo wuta. Idan ana jin famfon yana ƙara bayan an zare makulli, ko batir na mutuwa cikin dare, mai yiwuwa rilen ya maƙale. Cire fis ɗin famfo zai tsayar da shi kafin a kai ga gyara. A wasu motoci rilen na cikin kwamfutar ABS, don haka sai ƙwararre.

4. Wayoyi da soket. A duba tsatsa, ruwa ko laka a soket ɗin famfo, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Idan ta yi sako-sako, fitilar kan zo ta tafi.

Wayar hannu ma tana da amfani a nan. Motoci na da soket ɗin OBD2 mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Ana jona masa ƙaramar na'ura mai Bluetooth, sai manhaja ta karanto lambobin matsala. Na ABS suna farawa da harafin C. Misali C0110 na nuni da layin wutar famfo, ba lallai famfon kansa ba. Sai dai yawancin na'urori masu araha na inji kawai suke karantawa, don haka a tabbatar na'urar da manhajar suna karanta ABS kafin a saya.

Idan fitilar ABS kaɗai ce ta kunna, birki na yau da kullum yana aiki, amma tayoyi na iya ƙamewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi. Idan kuwa jar fitilar birki ta kunna tare da ita, a tsayar da motar har sai makaniki ya duba.