Ku daidaita ma'auni kafin ku ninka

Ƴaƴana na Galma da ke lise a Madawa da Tawa, akwai wani lungu a lissafi inda yara masu kaifin ƙwaƙwalwa ke tuntuɓe, kuma gaggawa ce ke kayar da su. Ina nufin ninka rasin biyu da ba jinsi ɗaya ba.

Tun kwaleji kun san √2 × √3 = √6. Wannan daidai ne, don duka biyun rasin kare ne. To ranar da malami ya rubuta √2 × ∛3 a tablo, hannu ya riga ya saba, sai yaro ya yi 2 sau 3, ya ɗora wa 6 alama, ya wuce abinsa. Wace alama ya ɗora, kuma da wace hujja?

Ku dubi ƴar lambar da ke kafaɗar alamar. Ta farko 2 ce, ko da yake ba a rubuta ta. Ta biyu 3. A kasuwar Madawa, mai gero a tiya da mai gero a buhu ba a haɗa lissafinsu sai an mai da su ma'auni guda. Ma'aunin a nan shi ne PPCM na 2 da 3, lamba mafi ƙanƙanta da duka biyun ke rabawa daidai, wato 6. Kafaɗar √2 ta ninku sau 3, don haka 2 na ciki ya zama 2 × 2 × 2, wato 8. Kafaɗar ∛3 ta ninku sau 2, sai 3 ya zama 3 × 3, wato 9. Darajarsu ba ta sauya ba, kamar yadda 1/2 yake 3/6, 1/3 kuma 2/6. Yanzu duka rasin ta 6 ce, sai ku ninka 8 da 9: amsa ita ce rasin ta 6 ta 72.

Kada ku tsaya nan, ku auna amsar da hankali. In aka jera 2 guda shida aka ninka, 64 ake samu. 72 ya ɗara 64 kaɗan, ke nan amsa ta ɗara 2 kaɗan, kusan 2,04. Mai gaggawa kuwa ya sami √6, kusan 2,45, ko ∛6, kusan 1,82. Duka ɓata ne. Waya tana iya ba ku 2,04, amma ba ta shiga ɗakin jarrabawar bakaloriya tare da ku.

Kuma kada wani ya ce muku lissafi na Nasara ne. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yau da dare ku gwada ∛2 × ⁴√2. Wanda ya sami rasin ta 12 ta 128, ya zauna ya koya wa na kusa da shi.