Badujalar ɗaliban injiniya

A birnin Toronto na ƙasar Kanada, ɗaliban jami'a masu koyon aikin injiniya suna da badujala tasu. Sun kafa ta wajen shekarar 1950. Sukan sa hular kwano irin ta magina, su bi titi da ganguna da begila. Ko wanda bai iya busa ba, ba a korar shi.

Sun raɗa mata sunan Godiba, matar wani basarake a Ingila a ƙarni na 11. An ce mijin ya matsa wa talakawa da haraji. Godiba ta roƙe shi ya rage. Ya ce sai in ta ratsa gari bisa doki, babu sutura. Ta daure ta yi, ya rage.

Tambaya: Don su wa Godiba ta hau doki?