Kaguwa da Danginta

Jama'a, idan muka je kasuwar Rano mukan ga gero daban, dawa daban, maiwa daban. Dukansu hatsi ne, amma kowanne da kamanninsa. Haka masana suka kasa halittun ruwa gida-gida. Yau za mu koyi gidan kaguwa.

Mun san kaguwa a bakin rafi da damina. Ba ta da ƙashi a cikin jiki. Ɓawo ne ya rufe ta. In ta girma sai ta yi saɓa, sabon ɓawo ya fito. Duk 'yan gidan nan haka suke. Akwai hanya biyu ta rarrabe su. Ta fari, mu ƙirga ƙafafu. Ta biyu, mu dubi inda macen ke ajiye ƙwai.

Fara tana da ƙafa 6. Gizo-gizo yana da 8. Kaguwa tana da 10, har da almakashinta. Ashe kaguwa ba 'yar'uwar fara ba ce ta kusa.

To, ga uku daga cikin dangin.

Na ɗaya, jatan lande. Shi ne busasshen abin nan ja da ake dakawa a zuba a miya. Daga kudu ake kawo mana shi, daga bakin teku, wajen Oron da Kalaba. Ƙafarsa 10, kamar kaguwa. Macen tana manne ƙwanta a ƙarƙashin ciki.

Na biyu, mai zabira. Shi ma a bakin teku ya fi yawa, inda ruwa ba zurfi. Da wuya tsawonsa ya wuce inci ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce ɗan jatan lande ne. Amma a ƙirjinsa ƙafa 16 ne, waɗansu na cin abinci, waɗansu na iyo. Macen tana da zabira a ƙirji. A ciki ƙwai ke ƙyanƙyashewa, 'ya'ya su zauna har su yi ƙwari. An san irinsa fiye da 1,000. Kifin teku yana cinsa ƙwarai.

Na uku, ƙuman ruwa. Wannan namu ne. Yana nan a tafki da kududdufi, a Kibiya da Rano da ko'ina. Bai kai ƙwayar gero ba. Idonsa ɗaya tak. Macen tana rataye jaka biyu ta ƙwai a gindin wutsiya, dama da hagu.

Me ya sa za mu damu da abin da ƙyar ake ganinsa? Mu tambayi dattawanmu labarin kurkunu. Da, kurkunu yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa. Ba a san ta inda yake shiga ba. Da masana suka gane ƙuman ruwa, sai suka ga shi ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha ruwan tafki, ya sha da shi. Bayan kamar shekara guda tsutsa ta fito a ƙafa.

Da aka gane haka sai aka riƙa tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan idanu, aka haƙa rijiyoyi. A ƙidayar 1988 an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. An ga na ƙarshe a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasarmu ta rabu da shi.

Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Mu ci gaba da shan ruwa mai tsabta. In dole ce ta sa muka ɗebo na tafki, mu tace, mu tafasa.

Tambayoyi

1. Kaguwa ƙafa nawa gare ta?
2. A ina mai zabira ke ajiye ƙwai?
3. Ta yaya kurkunu ke shiga jikin mutum?
4. Mu rubuta a allo: kaguwa, zabira, tafki, kurkunu.