DARASI: HAƘƘIN MAI AIKI DA KWAFAR FINA-FINAI A ZAMANIN INTANET

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki, Ya haramta zalunci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da ya shiga gidajenmu ba tare da sallama ba. Duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ko ta Yamai, ya ga samari zaune gaban kwamfuta suna tura ma mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azozi cikin salula a kan ƴan kuɗi ƙalilan. Mai turawa ya samu na cefane, mai saye ya samu abin kallo. Amma wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya aikin, sau da yawa ko sisi ba ya isa hannunsa. Shin wannan ciniki halal ne? Kafin mu amsa, wajibi ne mu san yadda lamarin ya faro, domin malamai sun ce hukunta abu yana biyo bayan fahimtarsa.

Na farko: yadda rigimar ta faro

A zamanin kaset, kwafa tana da wahala. Sai an haɗa na'ura biyu, a jira fim ya ƙare, kuma kowace kwafa tana fin wadda aka ɗauko ta daga gare ta dushewa. Duk da haka, kamfanonin fim na Amurka sun kai kamfanin Sony ƙara saboda na'urarsa ta ɗaukar hoto a kaset. A 1984 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke cewa mai ƙera na'urar ba shi da laifi, tun da ana amfani da ita ta hanyoyin da doka ta yarda da su.

Da faifan DVD ya fito a 1996, sai lissafi ya sake. Abin da ke cikinsa lambobi ne, kwafa ta dubu daidai take da ta farko. Saboda haka kamfanoni suka sa ma faifan makulli mai suna CSS, wanda ke hargitsa hoton yadda ba mai buɗe shi sai na'urar da aka ba mabuɗi. Suka kuma raba duniya shiyya shida, yadda faifan da aka saya a Amurka ba ya aiki cikin na'urar da aka sayar a Afirka. A 1998 Amurka ta kafa dokar da ta mai da karya irin wannan makulli laifi.

Makullin bai daɗe ba. A 1999 aka saki wata manhaja mai suna DeCSS wadda ke buɗe shi, kuma cikin waɗanda suka shirya ta har da wani yaro ɗan ƙasar Norwe, Jon Johansen, mai shekara 15. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2003. A wannan shekara ta 1999 ne kuma Napster ya fito, inda miliyoyin mutane suka riƙa musayar waƙoƙi kyauta, har kotu ta tilasta rufe shi a 2001. Rufe shi bai kashe wutar ba. A 2001 aka ƙirƙiro BitTorrent, dabarar da ke sa kowane mai saukewa ya zama mai rarrabawa a lokaci guda, abin da ya sauƙaƙa yaɗa manyan fina-finai. A 2003 aka buɗe The Pirate Bay a Suwidin. An yanke ma mutum huɗu masu alaƙa da shi hukuncin ɗauri a 2009, amma satar fasaha ba ta tsaya ba.

Na biyu: kasuwar halal da kuskurenta

Da kamfanoni suka ga kotu kaɗai ba ta isa ba, sai suka ce bari su buɗe nasu shago. A 2002 manyan kamfanonin fim biyar suka kafa Movielink, inda mutum zai biya ya sauke fim bisa doka. Amma dubi sharuɗɗan: sai mazaunin Amurka, sai mai kwamfuta mai Windows, kuma daga lokacin da ya soma kallo yana da awa 24 kacal, daga nan fim ya rufe kansa. Shi kuwa wanda ya ɗauko na sata, yana kallo a kowace na'ura, a kowane lokaci, ba wanda ya tambaye shi. Wato wanda ya biya shi aka ɗaure, wanda bai biya ba yana sake. Shagon bai yi albarka ba. An sayar da shi a 2007, aka rufe shi bayan haka.

Wani abin ya fi wannan muni. A 2005 aka gano cewa kamfanin Sony BMG ya sa wata ɓoyayyar manhaja cikin faifan waƙoƙinsa, wadda ke shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba domin hana kwafa, tana kuma buɗe ƙofa ga masu kutse. Kamfanin ya janye faya-fayan, ya biya diyya. Garin neman gira aka rasa ido.

Waɗanda suka ci nasara su ne waɗanda suka sauƙaƙa. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes, waƙa ɗaya a kan ƙasa da dalar Amurka guda, kuma jama'a suka yi ta saye. A 2009 ya cire makullin daga waƙoƙin da yake sayarwa, ciniki bai mutu ba. A 2007 Netflix ya soma nuna fina-finai kai tsaye ta intanet ga masu biyan kuɗin wata, a 2016 kuma ya faɗaɗa zuwa kusan dukkan ƙasashen duniya. Fina-finan nasa suna da makulli har yau, sai dai mai kallo ba ya jin nauyinsa. Abin lura a nan shi ne, mutane da yawa suna son hanyar halal idan ta zo da sauƙi da farashin da za su iya. Idan aka tsananta, sai a tura masu raunin zuciya zuwa ga ɓarayi.

Na uku: abin da ya same mu a gida

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kurum. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro a Kano da Turmin Danya a 1990, ya bunƙasa ta hanyar kaset, daga baya ta faifai, kuma biranenmu na Nijar suna cikin manyan kasuwanninsa. Sana'ar ta ciyar da marubuta, da masu ɗaukar hoto, da teloli, da direbobi, da masu abinci. Da salula mai katin ajiya ta yawaita, sai kasuwar faifai ta durƙushe, domin faifai guda ya isa a tura ma gari duka. Masu shirya fim da dama suka koma dogayen shirye-shirye a YouTube da tashoshin talabijin irin Arewa24, wadda ta soma aiki a 2014, suna neman abinci daga kuɗin talla.

Ba masu fim kaɗai abin ya taɓa ba. Malamin da ya shekara goma yana rubuta littafin fiƙihu da Hausa, da mai ɗab'in da ya ci bashi ya buga shi, su ma suna wayar gari su tarar an kwafe shi ana sayarwa da rabin kuɗi.

Ta fuskar doka, Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI. Akwai kuma ofishin ƙasa mai kula da haƙƙin mawallafa, wato BNDA.

Na huɗu: me Shari'a ta ce?

Asalin mas'alar shi ne: shin abin da ba a taɓa shi da hannu yana zama dukiya? Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, suna lissafa amfani cikin dukiya. Shi ya sa ya halatta a yi hayar gida ko jaki, alhali mai haya bai mallaki gidan ba, amfaninsa kawai ya saya. Magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana. Al'adar mutane kuma tana da wuri a Shari'a matuƙar ba ta saɓa ma nassi ba.

A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwaiti a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa, da na ƙirƙira, da sunan kasuwanci, haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta kuɗi a al'adar wannan zamani, Shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman game da littattafan addini, suna tsoron kada a ɓoye ilimi. Amsar da aka ba su ita ce, mawallafi bai hana kowa karantawa, ko haddacewa, ko karantarwa ba. Abin da ya hana shi ne wani ya ci riba da guminsa. Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna.

Wani zai ce: ai ban ɗauke masa kome ba, fim ɗinsa yana hannunsa. Sai mu ce: wanda ya shiga mota daga Maraɗi zuwa Yamai ya sauka bai biya ba, shi ma bai ɗauke motar ba, amma kowa ya san ya ci haƙƙin direba. Wani kuma zai ce: kamfanonin nan na waɗanda ba Musulmi ba ne, kuma attajirai ne. Sai mu ce: amana ba ta duba addinin mai ita. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da zai yi hijira, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar ma mushirikai da ajiyarsu.

Mu kuma lura da cewa biyan kuɗi ba ya halatta abin da yake haram a zatinsa. Fim ɗin da ke ɗauke da batsa ko izgili ga addini, kallonsa haram ne, ko an saye shi ko an sato shi. Maganarmu ta shafi abin da kallonsa ya halatta.

Na biyar: wajibin mai sayarwa

Adalci ba ya tsayawa a gefe guda. Shari'a ta wajabta ma mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ta kuma bambanta saye da haya. Da yawa daga abin da shagunan intanet ke kira saye, a haƙiƙa izinin kallo ne da za a iya janyewa. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, littattafan da mutane suka biya suka daina buɗewa, ko da yake an mayar masu da kuɗinsu. A 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta ma irin waɗannan shaguna su faɗa ma mai saye a fili idan izini kawai yake samu. Abin da fiƙihu ya daɗe da shar'antawa ke nan: a san abin da aka saya, a san iyakarsa. Mai aiki yana da damar sa makulli a kan dukiyarsa, amma ba shi da damar cutar da wanda ya biya shi, ko yaudararsa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mai kallo ya nemi ƙofar da mai aikin ya buɗe da kansa: tasharsa ta gaskiya, ko shagon da ya ba izini. Abin da mai shi ya saki kyauta, kamar yadda malamai da yawa ke yi da wa'azinsu, yaɗa shi alheri ne.

2. Masu sana'ar turawa su haɗa kai su nemi yarjejeniya da masu fim, a yanka ma kowa rabonsa. Ba mu son yaranmu su rasa abin yi. Muna son abin da za su kai gida ya zama mai tsarki.

3. Masu shirya fim da mawallafa su sauƙaƙa farashi da hanyar biya, su tuna cewa yawancin masu kallonsu talakawa ne, da yawansu ba su da ajiya a banki.

4. Wanda ya san ya tara dukiya da kwafar aikin wani, ya tuba, ya nemi mai haƙƙin ya biya shi ko ya roƙi yafewa. Idan ya yi iyakar ƙoƙari bai same shi ba, ya yi sadaka da gwargwadon abin a madadinsa. Haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

5. Iyaye su duba abin da ke cikin salular ƴaƴansu, su tambaye su inda suka samo shi. Yaron da ya saba ɗaukar abin da ba nasa ba domin babu mai ganinsa, zai girma da wannan hali zuwa kasuwa da ofis.

Muna roƙon Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sa albarka cikin sana'o'inmu, kada Ya tashe mu ranar ƙiyama da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.