Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwaron da ƙanƙara ba ta kashewa

Tambaya: Wani mai karatu daga unguwar Avotrou a Kwatano, Jamhuriyar Benin, ya rubuto yana cewa: "Na ji an ce akwai ƙwaro mai zama cikin ƙasa a Antatika, inda ko bishiya ba ta tsirowa. Gaskiya ne? Yaya aka yi sanyi bai hallaka shi ba?"

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Masana na kiransa Alaskozetes antarcticus. Tsawonsa bai wuce milimita 1 ba, ƙafafunsa takwas, dangin kaska ne da ƙwaron da ke sa ƙazwa. A 1903 aka fara bayaninsa, bayan jirgin ruwan Belgica na ƙasar Beljiyam ya kwaso shi. Yakan yi cincirindo ƙarƙashin duwatsu a wurare irin su tsibirin Signy, yana cin gansakuka da ruɓaɓɓun abubuwa, musamman inda kashin tsuntsayen teku ya zama taki.

Abin da ke kashe ƙwaro a sanyi shi ne ruwan jikinsa ya daskare ya farfasa shi ta ciki. To shi wannan, da sanyi ya kunno kai sai ya daina ci har cikinsa ya zama fanko, domin a jikin ɓurɓushin abinci ƙanƙara ke fara kamawa. Sannan jikinsa ya tara gilisarin, wanda mata ke zubawa a man shafawa lokacin hunturu. Da haka yake jure sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, alhali firizar da ake ajiye daskararrun kaji a kasuwa kan tsaya ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Sai dai ba a banza ba: girmansa tafiyar hawainiya ne, yakan ɗauki kamar shekara 5 daga ƙwai zuwa balaga.

Kuma ba sai ka je Antatika za ka ga danginsa ba. Wani ɗan koren ƙwaro daga cikin danginsa, mai tsotse ganyen rogo, ya shigo Afirka ta Yuganda a 1971, ya yi wa manoma ɓarna. A 1993 masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Abomey-Calavi, nan gefenku, suka saki wani ɗan uwansa daga Barazil, Typhlodromalus aripo, wanda ke cinye shi. Da rana yana ɓoye cikin tohon rogo, da dare ya fito farauta. In ka leƙa gonar rogo, ka tafi da gilashin ƙara girma, don ido kaɗai ba zai nuna maka shi da kyau ba.