Na'urar Sanyi: Ta Gida Ɗaya Ko Ta Kowane Ɗaki?

Tambaya: Ina gina gida mai ɗaki huɗu a Kano. In sa babbar na'urar da ke raba sanyi ta bututu zuwa ko'ina, ko in sa wa kowane ɗaki tasa?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a ginin. Shawarata ka sa ta ɗaki-ɗaki, wadda rabinta ke bango, rabinta waje.

Babban dalili shi ne wuta. Babbar na'ura sai da babban janareto, kuma tana sanyaya har ɗakunan da ba kowa. Bututunta yakan bi ta cikin silin, inda zafi ke taruwa a watan Afrilu sa'ad da rana kan haura digiri 40, sanyin ya riƙa tsiyayewa kafin ya iso gare ka. Ranar da ta lalace kuwa, gida duka ya shiga uku, ga ƙarancin masu gyaranta.

Ƙaramar mai inbata tana rage jan wuta da zarar ɗaki ya yi sanyi, shi ya sa sola ke iya ɗaukarta. Wasu ma suna ɗumama ɗaki da hunturu.

Sai dai ƙurar hunturun tana toshe matacinta. Ka riƙa wanke shi duk sati biyu, kuma kada ka bari wanda bai ƙware ba ya ɗaura maka ita.